Baƙar Fatalwar Detroit: shekara 53 a hannun gida ɗaya

Ranar 19 ga Mayu, 2023, a filin gwanjon motoci na kamfanin Mecum a birnin Indianapolis, aka shigo da wata baƙar mota gaban masu taya. Fentinta ya sha jiki, ga ƙwarzane nan da can, rufinta kamar fatar kada, ga wani farin layi da ya ɗaure mata ƙugu daga baya. Wanda bai san ta ba, in ya gan ta a bakin titi, cewa zai yi mai ita ya kwana biyu bai leƙa wajen mai fenti ba. Da guduma ta sauka, taya ta tsaya a dala 975,000. Da aka ɗora la'adar masu gwanjo, mai saye ya biya dala 1,072,500.

Motar Dodge Challenger R/T SE ce, samfurin 1970. Mutum ɗaya ya saye ta sabuwa fil a Disamba 1969, ya riƙe ta shekara 46 har rai ya yi halinsa, ɗansa ya ƙara riƙe ta shekara bakwai da 'yan watanni. Ana kiran ta Black Ghost, wato Baƙar Fatalwa. Abin da ya ja hankalina ga lamarinta ba miliyan ɗin ba ne. Shi ne cewa mafi yawan abin da ya ba ta wannan daraja abubuwa ne da mai ita bai yi ba: bai sayar ba a lokacin da kowa ke sayarwa, bai sauya inji ba, bai sake fenti ba, bai kuma ba kowa labari ba, har ɗan cikinsa.

Amurkawa na kiran wannan jinsi na motoci da wani suna da ma'anarsa ita ce "masu ƙwanji". Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki bodin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata injin da ya dace da ƙatuwar mota, a sayar wa matashi a farashin da albashinsa zai iya ɗauka. Pontiac GTO ta 1964 ake ba wa lambar buɗe fage. A lokacin galan ɗin fetur bai kai santi 40 ba, masana'antun Detroit na ɗaukar ma'aikata, samarin da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun isa tuƙi. A ɓangaren ƙananan motocin wannan kasuwa, Dodge ta makara. Challenger ba ta fito ba sai ƙarshen 1969, lokacin Mustang ta Ford ta yi shekara biyar tana cin karenta ba babbaka.

Mai motar, Godfrey Qualls, baƙar fata ne mazaunin Detroit. Ya yi soja a runduna ta 82 ta sojojin laima, ya ji rauni a bakin aiki, aka ba shi lambar Purple Heart da ake ba wa sojan Amurka da ya zubar da jini a fagen daga. Yana da shekara 27 ya shiga shagon dillalan Dodge na Raynal Brothers ya ba da odar motarsa. A zamanin ba dole ne ka ɗauki abin da ka tarar a fili ba. Za ka zauna da dillali da takardar zaɓi, ka yi ta sa alama: wannan inji, wannan giya, wannan launi, wannan kujera, a aika masana'anta a haɗa maka taka. Qualls ya san abin da yake so, kuma bai ji tsoron kuɗi ba. Lissafi ya tashi dala 5,272, alhali Challenger R/T da ba a ƙara mata komai ba tana farawa ne daga dala 3,300 ko kusa da haka.

Babban abin da ya cinye kuɗin shi ne injin 426 Hemi, wanda shi kaɗai ya ƙara kusan dala 780. Silinda takwas ne, lita 7, da kafireto biyu, kowanne mai maƙogwaro huɗu. Sunan Hemi ya samo asali daga siffar ɗakin da mai ke ƙonewa a saman fistin: kamar an kifa ƙwarya. Wannan siffa ta ba da damar sa manyan bawul biyu suna fuskantar juna, fulogi a tsakiya, iska ta shiga a sake ta fita a sake. Don tseren NASCAR aka ƙera shi, kuma a fitowarsa ta farko a Daytona a 1964 motocin da ke ɗauke da shi suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Sai 1966 aka fara sa shi a motocin titi. A takarda kamfanin ya ce ƙarfin doki 425 ne, amma masu sanin abin sun daɗe suna cewa an rage lissafin ne don kada masu inshora su tsorata.

Sai ya haɗa da giyar hannu mai hawa huɗu, da sandar giyar nan ta Hurst mai kama da mariƙin bindiga, da aksil ɗin baya na Dana 60 mai rabon 4.10. Ma'anar wannan lamba ita ce ko a giyar ƙarshe sai inji ya juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Mota mai irin wannan haɗi ba ta doguwar tafiya ba ce. A babban titi ihu take yi tana shan mai kamar randa ta fashe. Amma daga tsaye, in danja ta ba da hannu, kafin na kusa da kai ya gama sakin kuloci ka ba shi ƙura. Duk wanda ya ga takardar odar nan ya san ba cefane za a je da ita ba.

A shekarar an ƙera Challenger sama da 76,000. Masu injin Hemi ba su kai 400 ba. Waɗanda suka haɗa Hemi da kwalliyar SE da giyar hannu ba su wuce 23 ba, kuma a cikinsu wannan ce aka sani da baƙin fenti da farin layin baya da rufin fatar kada gaba ɗaya. Rufin ba fatar kada ta gaske ba ce, roba ce da aka yi wa zanen ɓawon kada, kuma mutane kaɗan ne suka zaɓe shi, don a idon da yawa ya yi yawa.

Ɗan sanda da rana

Titin Woodward ya tashi daga tsakiyar Detroit ya miƙe arewa har garin Pontiac. A kansa aka fara shimfiɗa mil guda na titin kankare a Amurka a 1909. A ƙarshen shekarun 1960 shi ne dandalin samari da dare: daga wannan danja zuwa waccan, motoci biyu su jera, a kalli juna, a taka. Ba samari kaɗai ba, har injiniyoyin kamfanonin motoci sukan fito da abin da suke gwadawa su ga yadda zai yi a titi. Doka ta hana, kowa kuma ya san ana yi.

A farkon shekarun 1970 Qualls ya shiga aikin ɗan sanda a Detroit, sashen kula da zirga-zirga, bisa babur. Sai a tuna wace irin Detroit ce. A Yulin 1967 birnin ya yi tarzomar da ta ci rai 43, kuma tushenta rikici ne tsakanin baƙaƙen fata da rundunar 'yan sanda wadda kusan dukkanta farare ne. Baƙin mutum da ya sami kaki a wannan runduna a lokacin ba shi da sararin yin kuskure ko ɗaya. To ga shi da rana yana rubuta wa masu gudun wuce sa'a takardar tara, da dare kuma yana da abin da ya fi nasu gudu a gareji.

Labarin da ake bayarwa shi ne baƙar motar takan ɓullo a Woodward ko titin Telegraph, ta yi tsere, ta ci, ta ɓace. Ba ta tsayawa a wuraren cin abincin da samari ke taruwa a buɗe bonet ana alfahari. Sai a yi makonni, wani lokaci watanni, ba a sake ganin ta ba. Daga nan sunan fatalwa ya fito. Dalilin ɓatan kuwa ba na aljanu ba ne: in aka gane direban, aikinsa ya tafi. Wannan tsoro ya yi wa motar alherin da mai ita bai yi nufi ba. Motar da ke fita kullum tsere ƙarshenta ɗaya ne cikin uku: ta rungumi falwaya, inji ya tarwatse, ko a yi ta yanka ta ana ƙara mata kaya har ta daina zama abin da masana'anta ta fitar. Wannan da yake fitarta ta ɓoye ce, jefi-jefi, ta tsira daga duka ukun. Lokacin da aka sayar da ita, agogon tafiyarta na nuna mil 45,000 da 'yan kai, a shekara 53.

Ɗansa Gregory ya ba da labarin abu ɗaya da ya riƙe daga ƙuruciya. Uban ya ɗauke shi a motar, ya manna takardar dala 100 a gaban dashbod, ya ce masa in ya iya miƙa hannu ya ɗauka bayan an taka totur, ta zama tasa. Uban ya taka. Yaron ya manne da bayan kujera, hannu ya ƙi kai wa. Kuɗin ya koma aljihun mai shi. Abin da ɗan ya sani game da ƙarfin motar ke nan, kusan shekara 40.

Shekarun da kowa ya sayar

A ganina nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne masu ba da labarin suka fi saurin wucewa.

Zamanin motoci masu ƙwanji ya mutu da wuri, kuma abubuwa da yawa ne suka taru suka kashe shi. Kamfanonin inshora suka fara ɗora wa matasa masu manyan injuna kuɗin da wani lokaci ya kusa kai abin da suke biya na bashin motar duk wata. A ƙarshen 1970 aka sa hannu a dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta rage hayaƙi. Chrysler, uwar kamfanin Dodge, ta daina sayar da Hemi a motocin titi bayan samfurin 1971. A Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rufe wa Amurka famfo, layi ya cika gidajen mai, a wasu jihohi sai lambar motarka ta dace da ranar kafin a ba ka. A 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa a faɗin ƙasar, a cikin shekarar kuma aka tsayar da ƙera Challenger ɗungurungum. Daga samfurin 1975 sababbin motoci suka koma shan fetur marar dalma, man da tsofaffin injuna masu matsi sosai suka saba da shi ya fara wuya. A 1980 aka rufe masana'antar Dodge da ke Hamtramck, inda aka haɗa wannan mota, shekara ta zagayo aka rushe ta.

A waɗannan shekaru motar da ke cin galan guda a mil goma ko ƙasa da haka ta zama kaya. Magidanta suka yi ta kai su wajen dillalai suna karɓo ƙananan motocin Japan. Dillalan suka yi ta sayar da su da araha ga yara 'yan makaranta, su kuwa suka gama da su. Wasu aka zare injin aka sa a motar tsere ko jirgin ruwa, gangar jikin ta tafi bola. Ba wanda ya yi wauta a cikinsu. A lissafin ranar, sayarwa ita ce hankali.

Qualls ya daina fita tsere wajen tsakiyar shekarun 1970. Ya ci gaba da aikin ɗan sanda, wanda ya yi sama da shekara 30 a ciki, ya kuma koma hidimar soja ta wucin gadi. Motar ya tura ta gareji ya rufe. Ba zan ce hangen nesa ba ne, don a 1978 babu mai hankalin da zai ce wannan abu zai kai miliyan. Ya dai ƙi rabuwa da ita ne, kuma yana da abubuwa biyu da suka sa ƙin ya yiwu: albashin da ba ya yankewa, da rufin da zai ajiye ta a ƙarƙashi. Mutane da yawa sun so motocinsu kamar yadda ya so tasa. Sallama daga aiki, ko mutuwar aure, ko tashi daga gida mai gareji zuwa gidan haya, su suka raba su. Detroit kanta a 1970 tana da mutum miliyan ɗaya da rabi, a 2010 ba su kai 720,000 ba, a 2013 birnin ya bayyana cewa ya tsiyace. Unguwanni sun zama kufai. Motar tana nan a ciki duk tsawon wannan.

Abin da zama ke yi wa mota

Ajiye mota ba kyauta ba ne, ko da ba a kashe ko sisi. A Michigan, jihar da Detroit take, babban abokin gaba gishiri ne, wanda ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Challenger ba ta da shasi daban, gangar jikin ce ke ɗauke da kanta, don haka in tsatsa ta ci ƙasan but da bayan tayoyin baya da inda sifirin ke kamawa, ba kwalliya kaɗai ta lalace ba, ƙashin bayan ne ya tafi. Rufin roba kuma mugun maƙwabci ne: ruwa kan shiga ta gefen gilashin baya ya kwanta a ƙarƙashinsa, ƙarfe na ruɓewa a ɓoye, sama tana sheƙi. Motar da ba ta taka gishiri ba ta tsere wa mafi munin wannan, kuma shi ne babban ribar zaman gareji.

Amma zaman na da nasa haraji. Fetur da ya shekara a tanki yakan rikiɗe ya zama wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti, ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto. Man birki na jan danshi daga iska, ya ci bututu da silindar birki daga ciki. Duk wata roba, daga tiyon lagireto zuwa abin da ke tare mai a bakin inji, takan bushe ta tsage. Taya takan kwanta ta gefen da ta daɗe a kai. Ɓeraye na son kujerar mota da wayoyinta. In kuma danshi ya sauka cikin silinda, zoben fistin ya kama bango, to wanda ya zo da zafin nama ya sa sabon batir ya murɗa makulli zai iya yin ɓarnar da shekara 30 ba su yi ba. Shi ya sa masu tayar da irin waɗannan motoci ke fara cire fulogi, su zuba ɗan mai a kowace silinda, su bar shi ya kwana, sannan su juya injin da hannu a hankali suna saurare. Ga kuma fetur ɗin yau a Amurka, wanda galibi akwai kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol a ciki, tsofaffin robobi ba sa shiri da shi.

Duk waɗannan ana gyara su, kuma gyaransu ba ya rage wa mota daraja. Abin da ba ya dawowa shi ne asali. A wajenmu in inji ya buga, sai a nufi kasuwar kayan gyara a ɗauko na Beljiyam a ɗora, mai saye ma murna zai yi. A kasuwar waɗannan motoci abin akasin haka ne. Lambar jikin Challenger irin wannan tana farawa da JS29R0B, kuma kowane harafi magana yake yi: JS na nufin Challenger R/T, 29 na nufin SE, R injin Hemi, 0 shekarar 1970, B masana'antar Hamtramck. An buga wani ɓangare na lambar a jikin inji da jikin giya. Ƙarƙashin bonet akwai ɗan faranti na ƙarfe da ke lissafa duk abin da aka zaɓa, E74 na inji, TX9 na baƙin fenti, V1G na rufin kada. Ma'aikatan masana'anta kuma sukan cusa takardar haɗin motar cikin wayoyin kujera, inda masu bincike ke lalubo ta bayan shekara 40 ta yi ja kamar ganyen taba. In lambobin nan suka dace da juna, kuɗi ya ninka. Dalili kuwa shi ne jabu ya yi yawa: a ɗauki Challenger mai ƙaramin inji a sa mata Hemi da tambari. Har raha ake yi cewa Hemi da ke yawo yau sun fi waɗanda Chrysler ta ƙera yawa. Motar da ba ta taɓa barin hannun wanda ya saye ta ba, da injinta na asali, ba ta da wannan tambaya a kanta.

Sa hannu a gadon asibiti

Qualls ya yi fama da sankarar mafitsara ta maza, wato prostate, ta lafa, ta dawo. A Disamba 2015, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, ya sa ɗansa ya kawo masa takardar mallakar motar, ya sa hannu ya mayar da ita sunan ɗan. A can takarda ce ke magana, kuma da wannan sa hannu motar ta fita daga cikin abin da za a zauna rabo a kai. Ya haɗa da kashedi guda, wanda Gregory ya sha maimaitawa: kada ya ba da motarsa. Ya rasu ranar jajibirin Kirsimeti.

Sai bayan nan ɗan ya fara jin wace ce motar. Da ya nemi taimakon tayar da ita, abokan uban da tsofaffin unguwa suka fara buɗe baki. Ya yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci a zamaninsa na riƙo: a gyara abin da zai sa ta tashi ta tsaya lafiya, a wanke, a bar sauran yadda yake. Da a shekarun 1990 ne, da wuya ta tsira daga masu kwance mota har ƙusa ta ƙarshe su mayar da ita ta fi sabuwa sheƙi, don abin da kasuwa ke so ke nan a lokacin. Zuwa 2016 ra'ayi ya juya. Masu tara motoci sun gane cewa ana iya sabunta mota sau goma, amma fentin masana'anta sau ɗaya ake yin sa.

A 2020 aka shigar da ita rajistar motocin tarihi ta ƙasa, wadda ake adana bayananta a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, aka kuma yi fim na tarihi a kanta wanda miliyoyi suka kalla a intanet. A 2022 Dodge, tana shirin rufe babin Challenger ta zamani da ta dawo da ƙerawa daga baya, ta sanar da samfuri na musamman mai ɗauke da sunan Black Ghost: guda 300 kacal, ƙarfin doki 807, baƙin fenti, farin layi a baya, zanen kada a rufi. Motar da mai ita ya ɓoye don kada a kore shi daga aiki, ga kamfanin da ya ƙera ta yana talla da sunanta.

Ba kowa ya haɗiye labarin ba. Wasu tsofaffin 'yan tseren Detroit da masu sanin injin Hemi sun ce an zuzuta. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Challenger mai Hemi yadda ta fito daga masana'anta, da tayoyin titi, tana cinye rubu'in mil, wato mita 402, a sakan 13 zuwa 14. Manyan Woodward na lokacin, irin su Plymouth ɗin nan da ake kira Silver Bullet wadda injiniyoyin Chrysler ke tallafa wa da kaya, suna yin sa a sakan 10 da ɗori. Tazarar sakan uku a wannan fage ba tsere ba ne, rakiya ce. Don haka cewa Fatalwa ba a taɓa cin ta ba, ko ita ce sarauniyar titin, magana ce da ƙarfe bai goyi bayanta ba. Ni ina ganin gaskiyar ta fi ƙanƙanta kuma ta fi daɗi: mutum ne mai mota mai tsananin gudu a tsakanin motocin titi na yau da kullum, yakan fito ya more, ya gudu gida kafin a gane shi. Sauran kuwa aikin baki ne, kuma labari in ya shekara 50 yana yawo ba ya ramewa. Sai dai a lura da abu ɗaya: shi Qualls bai taɓa cewa shi sarkin kowa ba ne. Bai ce komai ba.

Amma labarin ne aka saya. Challenger mai Hemi da giyar hannu, mai lambobi daidai, galibi ba ta kai rabin abin da aka biya a wannan. Ragowar kuɗin na fatalwa ne, da kakin ɗan sanda, da lambar soja, da takardar dala 100.

Mu yi lissafin da masu cewa tsohuwar mota jari ce ba sa son yi. Dala 5,272 ta zama 975,000, wato ta ninka kusan sau 185. Abin kamar almara. Amma in aka baje shi a kan shekara 53, ribar kusan kashi 10 cikin 100 ce a shekara, wadda ita ce kusan abin da kasuwar hannun jarin Amurka ta bayar a tsawon wannan lokaci ga wanda ya zuba kuɗi ya manta da su. Ba a cire kuɗin inshora ba, da na gareji, da na gyara, da kason masu gwanjo, da haraji. Kuma wannan ita ce zakaran gwajin dafi, ɗaya cikin 76,000. 'Yan uwanta masu injin silinda shida ko ƙaramin injin silinda takwas da ake kira 318, waɗanda su ne mafi yawa, akasarinsu sun daɗe da zama ƙarfen gini. Wanda ya riƙe mota shekara 46 don riba ya zaɓi hanya mafi wahala. Qualls ko sisi bai gani ba daga cikin miliyan ɗin. Abin da ya samu shi ne dararen Woodward, da sanin cewa tana nan bayan ƙofa.

Saura maganar kashedin. Da aka sanar za a yi gwanjo, mutane da yawa sun ce ɗan ya ci amana: uba ya ce kada ka ba da ita, ga ka a Indianapolis. Kalmar da uban ya yi amfani da ita a Turanci tana da fuska biyu, bayarwa kyauta da kuma sayarwa a wulaƙance, kuma masu kare ɗan sun kama ta biyun. Ni ban ga buƙatar wannan wasa da kalma ba. Abin da uban ya riƙe da abin da ɗan ya gada ba abu ɗaya ba ne. Uban ya ajiye tsohuwar mota da ba wanda ya san da ita, tsaronta shi ne rashin sani. Ɗan ya wayi gari da dukiyar da duniya ta ga hotonta, ta san birnin da take. Irin wannan ba a barin ta a garejin bayan gida da kwaɗo ɗaya. Tana son inshora ta musamman, da ɗaki mai daidaita zafi da danshi, da rufaffiyar tirela duk inda za ta, ga fargabar gobara da ɓarawo. In ya hau ta ya zaga unguwa, wani mai waya a hannu ya goge ta a mahaɗa, fentin 1969 ya tafi har abada. Ya riƙe ta shekara bakwai a haka, ya kai ta inda sunan ubansa ya shiga ɗakin karatu na majalisa, abin da ba zai faru ba da ya bar ta a rufe.

Wani mai tara motoci ne ya saye ta. Wata bakwai bayan gwanjon, ranar 22 ga Disamba, 2023, Challenger ta ƙarshe ta sauko daga layin masana'antar Brampton a Kanada, aka kashe injinan. Ita ma baƙa ce.